Sojojin Da Ba Su Kai Tsawon Yatsa Ba

A ƙasar Ingila akwai magidanta waɗanda, in sun tashi daga aiki, ba su da abin ɗebe kewa sai shafa fenti a jikin 'yan mutum-mutumin sojoji masu tsawon kamar milimita 28. Da su ne ake gwabza yaƙin wasa a kan tebur.

Marubucin nan H. G. Wells ya wallafa dokokin irin wannan wasa a 1913. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a London a 1975, ya ƙara yaɗa shi da wasan Warhammer a 1983.

Aikin na masu haƙuri ne. Da farko akan shafa fentin shimfiɗa domin launi ya kama, sannan launin tufafi. Daga nan sai a zuba tsinkakken fenti mai duhu ya kwanta cikin lunguna, a haskaka gefuna da buroshi mai tsini. A gasa da dama ba a karɓar rundunar da ba a fenta ba.

Sai dai a lura: tsofaffin sojojin da dalma aka zuba su, ita kuwa guba ce. Yanzu galibi da roba ake yi, amma mai tsofaffin ya nisanta su daga yara.