Walƙiyar da aka sa wa linzami

A gidajen kallon ƙwallo na Dutse, duk talabijin mai faɗi da aka rataye a bango sunanta "filasma". Akasarinsu kuwa aron sunan kawai suka yi. Filasma ta ainihi 'yar'uwar walƙiya ce, irin wadda ke keta sama bisa duwatsun garin da damina, sai dai an ƙanƙanta ta an kulle a gilashi.

Tsakanin gilasai biyu akwai 'yan mitsi-mitsin ɗakuna, a wasu allunan sun haura miliyan shida, kowanne cike da iskar niyon da zenon. In lantarki ya ratsa iskar sai ta yi tartsatsi, ta fitar da hasken da ido ba ya gani. Shi ne ke bugun sinadarin da aka shafe ɗakin da shi, ya fito ja, kore ko shuɗi.

Tayar da tartsatsi ba wuya, tsayar da shi ne aiki. A 1964, Donald Bitzer da Gene Slottow na Jami'ar Ilinoy a Amurka suka sa gilashi ya shiga tsakanin wayoyin lantarki da iskar. Da tartsatsi ya tashi, sai caji ya taru a jikin gilashin ya kashe shi nan take. Da wutar ta juya akala, cajin nan dai shi zai taimaka a sake kunna shi. Shi ya sa ɗakin da aka zaɓa ke ci gaba da ƙyaftawa, maƙwabcinsa na kwance a duhu, alhali wuta ɗaya ke bi ta kansu.

Ɗaki bai san rabin haske ba, ko kunne ko kashe. A tsarin da Tsutae Shinoda na kamfanin Fujitsu ya fito da shi, ana raba kowane hoto gida takwas masu tsawon lokaci daban-daban, ido ya haɗa su ya ga matakan haske 256.

Amma walƙiya, ko ta gida ce, cin wuta gare ta, ga zafi. Inda wutar KEDCO ba ta da tabbas, mai gidan kallo da kuɗin man janareta yake auna talabijin, ba da kyan hoto ba. Tambarin tashar da ya daɗe wuri ɗaya kuma yakan bar tabo a allon. Zuwa ƙarshen 2014, Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera filasma. Wadda ta lalace yanzu, sai mai gyara ya ciro kayan daga cikin wata matacciya.