Gargaɗi Ga Magidanta Da Iyaye Mata: A Ƙara Ganye A Tukunya

Jama'a, a yi hattara. Gidaje da yawa ana kwana a ƙoshe amma jiki na cikin yunwa. Malmalar tuwo ce jibgegiya, ko shinkafa da taliya, sai miyar da ba ta wuce a dangwala ba, ita ma gishiri da dunƙule sun fi ganye yawa a cikinta. Wannan cimar tana cikin abubuwan da ke kai mutanenmu ga hawan jini, ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kowace rana, wato kimanin cikin tafin hannu sau biyar. Dankali, rogo da doya ba sa cikin lissafin. Ta kuma ce gishirin yini kada ya kai giram 5, ƙasa da ƙaramin cokali guda.

Mata da yara ne suka fi shan wahala. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano ƙarancin jini a jikin kashi 68 cikin 100 na ƙananan yara, da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da hannu, amma abinci ma yana da nasa babban kason. Zogale, alayyafo, rama da yakuwa suna ɗauke da sinadaran gina jini. Karas da kabewa suna ba da sinadarin bitamin A, wanda rashinsa ke jawo wa yaro dundumi, ya kuma raunana shi gaban ƙyanda da gudawa. Dusar da ke cikin ganye tana sauƙaƙa bayan gida, tana kuma hana suga hauhawa farat ɗaya bayan cin abinci.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake kallon kwaɗo a matsayin abincin talaka. Mutum na samun ɗan hali sai ya raina kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ya koma lemon kwalba da soye-soye. Malam, in kana ba da kuɗin cefane, ka ware na ganye daban, kamar yadda kake ware na nama.

Yadda ake dafawa ma abin lura ne. Yawan kanwa da doguwar tafasa suna kashe wasu sinadaran, haka ma zubar da ruwan dahuwa. Ganyen da za a busar, a shanya shi a inuwa. A sa ɗan manja ko man gyaɗa, domin bitamin A sai da mai jiki ke karɓarsa sosai. A matsa lemon tsami a kwaɗo, a kuma jinkirta shayi bayan cin abinci, don yana tauye sinadarin ƙarin jini.

Latas, kabeji, tumatir da duk abin da za a ci ɗanye, wajibi ne a wanke shi da ruwa mai tsabta, musamman da damina lokacin kwalara, domin wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake ban ruwa. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya ƙara yawan ganye. Mai shan maganin hawan jini ko na suga kuwa, kada ya ajiye maganinsa don ya fara cin zogale.