Wi-Fi Ya Ƙi Aiki: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk ranar da Wi-Fi ya ƙi aiki, waya ce ke shan zagi. Wannan ya ce ta tsufa, wancan ya ce jabu aka sayar masa, wani kuma ya garzaya wajen mai gyara a yi mata filashin, ya dawo gida babu hotunan iyalinsa, babu lambobin abokan cinikinsa, matsalar kuma tana nan daram. Sau da yawa wayar ba ta da laifin komai. Tsakanin hannun mutum da shafin da yake son buɗewa akwai matakai uku, kowanne da irin cutarsa, kuma mai waya ko kwamfutar hannu zai iya gano wanda ya samu matsala cikin 'yan mintoci, bai kashe ko sisi ba. Sharaɗin kawai shi ne ya bi abin daki-daki, ya daina canki-canka.

Tushen ruɗanin shi ne mutane sun ɗauka Wi-Fi da intanet abu ɗaya ne. Wi-Fi rediyo ne mai gajeren zango da ke haɗa waya da rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida ko ofis. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce ta fitar da ƙa'idarsa ta farko mai lamba 802.11 a 1997, da gudun da bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba, sunan Wi-Fi kuma ya zo a 1999. Alamar nan mai kama da mafici da ke saman fuskar waya ba ta faɗin komai sai ƙarfin wannan rediyon. Tana iya cika fal alhali rautar kanta ba ta samun komai daga waje. Matakan uku su ne wayar, sai rautar da iskar da ke tsakaninsu, sai hanyar da ta tashi daga rauta zuwa kamfanin sadarwa har ƙasashen ƙetare. Ranar 14 ga Maris 2024 an ga aikin mataki na uku ƙarara, lokacin da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu, alhali alamar Wi-Fi a wayoyin jama'a tana cike kamar kullum. Duk wanda ya goge wayarsa a ranar, asara kawai ya yi.

Gwaji biyu ne ke raba gardama. Na farko, a ɗauko wata wayar a jona ta da wannan Wi-Fi ɗin. Na biyu, a ɗauki wayar da ake zargi a jona ta da wani Wi-Fi daban, ko da hotsifot ɗin wayar maƙwabci ne. Idan wayoyin gidan duka sun kasa, to wayarka ta fita daga zargi, sai a koma kan rauta ko kamfani. Idan kowa na aiki sai kai kaɗai, amma wayarka ta yi lafiya a gidan maƙwabci, to saɓani ne tsakanin saitin wayarka da na wannan rautar. Sai wayar ta ƙi kowane Wi-Fi a ko'ina sannan ake da dalilin zarginta ita kanta. Wannan rarrabewar ita ce rabin aikin, don kowace amsa tana rufe wasu ƙofofi ta rage maka wuraren bincike.

A gidaje da shaguna da dama na ƙasar Hausa, rautar ko 'yar ƙaramar MiFi da layin waya take aiki, don haka duk abin da ke samun layi yana samunta. Data na iya ƙarewa, wa'adinta na iya cika, ana iya rufe layin, sabis na unguwar na iya ɗaukewa. Kafin komai sai a duba fitilun da ke jikinta, sannan a shiga shafinta ta adireshin da aka rubuta a bayanta, wanda yawanci yake farawa da 192.168, a ga ko tana ganin sabis da kuma sauran data. Irin wannan rautar kusa da taga take so, don ita ma sai ta kamo sigina daga dogon ƙarfen kamfani kafin ta raba. Idan kuwa WhatsApp na tafiya amma shafuka sun ƙi buɗewa, abu biyu ake dubawa. Mai yiwuwa data ta dandalin sada zumunta kaɗai aka saya. Mai yiwuwa kuma tsarin DNS ne ya tsaya, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshinsa. A nan sauya shi zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a saitin Wi-Fi kan warware matsalar nan take.

Mataki na tsakiya shi ne aka fi jahilta, don ba a ganin abin da ke faruwa a cikin iska. Mafi yawan rautoci suna watsawa a mita biyu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Ta farko ta fi nisan zango da iya ratsa bango, amma cunkoso ya yi mata yawa. Tashoshi 13 ne a cikinta a galibin ƙasashe, kuma uku ne aka saba amfani da su ba tare da sun hau kan juna ba, wato 1 da 6 da 11. A gidan haya ko rukunin shaguna mai rautoci goma, dole wasu su riƙa jiran wasu su gama magana. Bluetooth ma a wannan mitar yake, haka na'urar ɗumama abinci ta maikurowef. Mita ta biyun ta fi gudu da sarari, amma bango biyu ko uku sun isa su karya ta. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, ruwa yana shanye shi, katanga mai kauri tana rage shi, ko ta bulo ce ko ta ƙasa. Rautar da aka ajiye a ƙasa bayan firji, ko aka kulle a cikin kabad ɗin ƙarfe don gudun yara, an riga an yanke mata rabin ƙarfi. Ana auna sigina da ma'aunin dBm, kuma wasu wayoyin Android na nuna shi. Kusa da -50 yana da kyau, -70 ya fara rauni, -80 kuwa sai yankewa. Raguwar 10 a wannan ma'auni na nufin ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin goma. Shi ya sa ɗaga rauta zuwa saman kanta a tsakiyar gida yakan yi abin da sabuwar waya ba za ta yi ba.

Idan gwaji ya nuna saɓanin na tsakanin wayarka da rauta ne, saƙon da wayar ta rubuta shi ne jagora. In ta ce an kasa tantancewa, maganar kalmar sirri ce. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wajenta, kuma idan mai gida ya sauya kalmar, wayar za ta ci gaba da miƙa tsohuwar har sai an umarce ta ta manta da wannan Wi-Fi an sake shigarwa. In ta tsaya cak tana neman adireshin IP, to rautar ce ba ta ba ta lamba ba. Mai iPhone zai ga adireshin ya fara da 169.254, alamar wayar ta gaji da jira ta laƙaba wa kanta lamba. Wannan kan faru idan rautar ta rikice, ko an cika adadin na'urorin da take ɗauka, wanda a ƙananan MiFi ba shi da yawa. In kuma sunan Wi-Fi ɗin bai ma bayyana ba, a tuna wayoyi masu araha da tsofaffin kwamfutocin hannu da yawa ba sa ganin mitar 5, wasu kuma da aka ƙera don kasuwar Amurka ba sa ganin tasha ta 12 da 13. Tsarin tsaro na WPA3 da ya fito a 2018 ma tsofaffin wayoyi ba su san shi ba, sai an saita rautar ta karɓi WPA2 tare da shi.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke wahalar da mutane a banza. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi kan ɓoye lambar shaidarsu ta asali su nuna wa kowane Wi-Fi wata daban, don kare sirrin mai su. A makaranta ko ofishin da ake yi wa na'urori rajista da wannan lambar, sai a wayi gari rautar ba ta gane wayar ba, har sai an kashe wannan saitin ga wannan Wi-Fi kaɗai. Kwanan wata da agogon waya idan suka kauce, shafuka masu tsaro kan ƙi buɗewa, don takardar shaidar shafin tana da wa'adi kuma da agogon wayar ake duba shi. Manhajar VPN da aka manta a kunne tana iya toshe komai. A otal ko filin jirgi kuwa, sai an buɗe shafin shiga an amince da sharuɗɗa kafin intanet ya zo.

Magani ma hawa-hawa ne, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. A fara da kunna yanayin jirgi a kashe, sai kashe wayar a kunna, sai cire rautar daga wuta na kamar rabin minti a mayar, a ba ta minti biyu ta gama tashi. Bayan nan a manta da Wi-Fi ɗin a sake jonawa, a duba ko akwai sabuntawar manhajar waya da ke jira. Idan duk bai yi ba, akwai saitin da ke mayar da tsarin sadarwa kaɗai yadda ya zo daga kamfani. Zai share kalmomin sirrin Wi-Fi da na'urorin Bluetooth da aka haɗa, amma ba ya taɓa hoto ko lamba ko saƙo. Goge waya gaba ɗaya shi ne na ƙarshe, kuma ba a yin sa sai an adana kayan ciki a wani wuri.

Wani zai ce duk wannan dogon turanci ne, tunda kashewa da kunnawa ya wadatar. Gaskiya ne yakan yi aiki, kuma da dalili. Rauta ƙaramar kwamfuta ce, idan aka sake tayar da ita tana share abin da ya cushe mata, ta raba sababbin adireshi, wani lokaci ta zaɓi tashar da ba cunkoso. Amma rautar da sai an kashe ta an kunna kullum tana da ciwon da ba a gano ba. Ko zafi ne ya yi mata yawa, musamman a watannin bazara, ko an sauya mata caja da wadda ba ta kai ƙarfin tata ba, ko batirin MiFi ya kumbura saboda barin sa a caji dare da rana. Wanda ya tsaya a kashe-kunna zai yi ta maimaitawa har ranar da na'urar za ta mutu ɗungurungum.

Wani kuma zai ce ai waya ma tana lalacewa, kuma masu gyara sun fi mu sani. Wannan ma haka ne, kuma alamominsa sanannu ne. Wayar da ta faɗi ko ta sha ruwa, maɓallin Wi-Fi ɗinta ya dushe ya ƙi kunnuwa, Bluetooth ma ya tsaya tare da shi saboda galibi guntu ɗaya suke amfani da shi, wannan aikin mai gyara ne. Haka wadda ba ta kama sigina sai an manna ta da rauta, musamman bayan an sauya mata gilashi ko batir, wataƙila wayar eriyarta ce ta zare a ciki. Masu gyara a kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano suna da kayan aikin da mai waya ba shi da su. Abin da ake cewa shi ne a je musu da bayani. Wanda ya ce ya gwada Wi-Fi uku duk ta ƙi, ya kuma sake saitin sadarwa, ya taƙaita wa mai gyara bincike, ya kuma kare kansa daga biyan kuɗin aikin da ba a buƙata.

Ƙorafi na uku shi ne saitin waya da Turanci yake, ba kowa zai iya ba. Amma gwaji biyun da suka fi muhimmanci ba sa buƙatar karatu, aron waya ne da taka ƙafa zuwa maƙwabta. Abin da ya kamata a guje wa shi ne gajerun hanyoyi biyu da suka yaɗu. Manhajojin da ke alƙawarin ƙara ƙarfin Wi-Fi ba za su rage kaurin bango ba, ba kuma za su ƙara wa eriya tsawo ba, yawancinsu talla suke cika waya da shi. Cire kalmar sirri daga rauta don a huta da matsala kuwa gayyato duk unguwa ne su sha datarka, gudun ya ƙara raguwa, tsaron gidan ya tafi. Abin yi shi ne a sauya kalmar da rautar ta zo da ita, a sa mai tsawo da ta haura baƙaƙe 8 da tsarin ya gindaya, a rubuta ta a ajiye.

Don haka, mai karatu, ranar da Wi-Fi ya sake tsaya maka, kada ka fara da goge waya, kada kuma ka fara da zaro kuɗi. Jona wata wayar da rautarka, jona taka da wani Wi-Fi, karanta saƙon da ta rubuta maka, sannan ka yanke hukunci. Idan har ta kama sai an je wajen mai gyara, adana hotunanka da lambobinka kafin ka miƙa masa ita.