Me Ya Sa Matan Arewa Suka Fi Na Kudu Yawan Haihuwa?

Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa mace a jihar Katsina kan haifi 'ya'ya wajen bakwai, a Legas kuwa uku zuwa huɗu. Ba bambancin halitta ba ne. Yarinyar da aka aurar tana shekara 15 ta riga wadda ta tsaya karatu fara haihuwa. A ƙauye yaro mataimaki ne a gona, a birni kuwa kuɗin haya da na makaranta kan sa a rage. Uwar da ta sha rasa jarirai kuma da wuya ta yarda ta huta.

Abin da ke damunmu a ɗakin haihuwa shi ne haihuwa kusa-kusa, domin tana ƙarar da jinin uwa. A jira shekara biyu bayan haihuwa kafin wani cikin.