Hima da Ƙana'a: Gudummawar Fiƙihu ga Al'ummar da Sauyin Yanayi ya Matsa wa

A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, amma bayan farin shekarun 1970 da 1980 sai ya rasa kusan kashi 9 cikin 10 na faɗinsa. Ƙarancin ruwa da ciyawa irin wannan yana cikin abubuwan da ke rura rikicin manoma da makiyaya a yankin Sahil. Fiƙihun Musulunci yana da tsohon tsari da ya dace da wannan hali, wato hima.

Hima ita ce ƙasar da shugaba yake keɓewa domin maslahar jama'a, yana ƙayyade kiwo da saran itace a cikinta. A zamanin jahiliyya masu ƙarfi ne ke killace makiyaya don amfanin kansu. Musulunci ya soke wannan, Annabi (S.A.W.) kuma ya keɓe Naƙi'u a yankin Madina domin dawakin Musulmi. Halifa Umar (R.A.) ya keɓe Rabaza domin dabbobin sadaka.

Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Umar ya umarci mai kula da hima ya bar masu ƙananan garke su shiga, ya tsare dabbobin Ibnu Aufin da na Ibnu Affan. Dalilinsa shi ne attajiran suna da gonaki da dabino da za su koma wa idan dabbobinsu sun halaka, talaka kuwa ba shi da madogara sai baitulmali. Ka'idar da ke nan a fili take: idan albarkatu suka yi ƙaranci, mai rauni ake fara dubawa.

Ƙasar Hausa ta san irin wannan tsari a hurumin gari da burtali. Inda aka cinye su da noma ko gini, garin kan rasa garkuwarsa ranar fari. Inda aka kafa doka kuwa, ƙasa kan farfaɗo. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu maimakon sassabe shi, har aka kiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa. Gawo ya yi fice a ciki, domin yana kaɗe ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne.

Sai dai doka ba ta tsayawa ba tare da tarbiyyar zuciya ba. Aya ta 31 a Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana almubazzaranci. Ƙana'a, wato wadatuwa da abin da ya isa, ita ce ke hana mutum sare itacen da bai kai ba ko kwashe ruwan da maƙwabcinsa ke jira. Saboda haka aikin malamai da limamai biyu ne: su karantar da hukunce-hukuncen hima da hurumin rijiya, su kuma tallafa wa masu gari wajen shata iyakoki da tsare su bisa adalci.