Kafin A Sa Gishiri: Abincin Kifin Gilashi Daga Kicin Ɗinki

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, kifi ya zama ɗan gida a Bebeji da Kiru da Tudun Wada. A Riruwai kuma akwai tsofaffin ramukan haƙar kuza da ruwa ya cike. To amma kifin da muka saba da shi na tukunya ne. Yanzu ne ake samun gidajen da ke ajiye shi don kallo: wata ta sayo akwatin gilashi da jajayen kifayen ado daga Kano, wata kuma yaranta ne suka kamo 'ya'yan karfasa a rafi suka zuba a robar fenti. Matsalar ɗaya ce. Abincin kifi na gwangwani yana ƙarewa, kuma ba a kowane shago ake samunsa ba, balle a Doguwa. Sai uwargida ta gutsuri tuwon dare ta jefa musu. Bayan kwana uku ruwa ya yi fari, kifi ya juya ciki sama, yara na kuka.

Ba yunwa ce ke kashe yawancin waɗannan kifaye ba. Babban kifi mai lafiya yana iya yin kwanaki da dama bai ci komai ba. Ragowar abinci ce ke kashe su. Tuwo ko burodi yana narkewa a ruwa ya ruɓe, ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da shi su cinye iskar da ke cikin ruwan, sannan a sami amoniya, wato sinadarin nan mai yaji da kike ji a warin tsohon fitsari. Mu a asibiti mun san abin da ke faruwa da mai ciwon ƙoda idan dattin jini ya rasa mafita. Kifin gilashi haka yake rayuwa kullum, domin a ruwan da yake numfashi yake bayan gida. A Tiga ruwa na da yawa, yana tafiya da komai. A roba babu inda dattin zai je.

Don haka ki ɗebi rabon kifi kafin abinci ya shiga tukunya, kafin ya haɗu da gishiri, mai, magi da yaji. Mai ya fi sauran ɓarna, saboda yana shimfiɗuwa a saman ruwa ya rage shigar iska.

Ganye ne ya fi sauƙi. Zogale ko alayyafo, ki tsoma a tafasasshen ruwa na minti ɗaya, ya huce, ki yayyanka ƙanana. Karfasa da jan kifin ado suna son sa, haka ma dafaffiyar kabewa da ɓawon ya fita. Jan kifin nan ba shi da cikakken tumbi irin namu, abinci wucewa yake kai tsaye zuwa hanji, shi ya sa kaɗan-kaɗan ya fi masa. Tarwaɗa kuwa ba za ta gode miki da ganye kaɗai ba. Ita mai son nama ce, masu kiwonta na ba ta abincin da furotin ɗinsa ya kai wajen kashi 40 cikin 100. Ki daka mata busasshen jatan lande marar gishiri, ko ki ba ta tsutsar ƙasa, ko shingen da yara ke tarawa a ƙarƙashin fitila da farkon damina. 'Ya'yan kifi ƙanana kuma ƙwanduwar dafaffen ƙwai ce tasu, amma kamar kan ashana, don babu abin da ya fi ta saurin ɓata ruwa.

Waken suya yana da arha a yankinmu, kuma yana gina jiki, sai dai ɗanyensa na ɗauke da sinadarin da ke hana narkar da furotin. A soya shi ko a dafa tukuna. Gutsuren awara kafin a soya ta ya wadatar.

Inda na fi so ki kula shi ne hatsin ajiya. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna tana iya ɗaukar gubar afalatokzin mai lalata hanta, ta kifi da ta mutum duka. Da yawa muna ware ruɓaɓɓiyar mu ce ta dabbobi ce. A ganina bola ce ta dace da ita. Wake kuma da aka zuba wa maganin ƙwari don ajiya kada ya kusanci gilashin, domin kifi ba ya jure irin wannan guba ko kaɗan ce. Haka idan za a fesa fiya-fiya a ɗaki, a rufe gilashin ruf ko a fitar da shi. Kifin da kansa maganin sauro ne daidai gwargwado, tunda yana cinye tsutsar sauron da ta faɗo ruwansa.

Yawan abinci fa? Abin da za su cinye cikin minti 2 zuwa 3, sau ɗaya ko biyu a rana, ragowar kuma a tsame ta da rariya. A gidan da ke da yara biyar, kowa so yake ya ciyar, sai kifi ya ci sau biyar. Ki raba musu kwanaki. Da hunturu, musamman a tuddan Riruwai da sanyi ke shiga ƙashi, jikin kifi yana bin sanyin ruwa, cinsa ya ragu sosai. Ba ciwo ba ne, ki rage abincin kawai.

A sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, ba duka ba. Ruwan rijiya ya yi. Na famfo mai warin magani a bar shi ya kwana a buɗe. Kada sabulu ko omo ya taɓa gilashin. Wanda ke da ciwo a hannu kada ya tsoma shi, domin akwai wata ƙwayar cuta, dangin ta tarin fuka, da ke zama a ruwan kifi ta shiga ta yanka ta haifar da gyambo mai wuyar warkewa. Yara su wanke hannu da sabulu bayan sun gama. Idan kuma babbar roba ce ko tanki a tsakar gida, a yi masa murfi mai nauyi, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaro mai rarrafe.