Kuka da Rimi: Dangi Ɗaya, Muhalli Daban

Duk wanda ya taɓa hutawa a gindin kuka, ya kuma tsaya a gindin rimi, da wuya ya yarda cewa 'yan uwa ne. Kuka gajeriya ce mai ƙaton ciki. Rimi kuwa dogo ne samɓal, saiwoyinsa sun taso a gindi kamar katanga, har yara kan ɓuya a tsakaninsu. Amma masana tsirrai sun sa su a dangi ɗaya mai suna Malvaceae, tare da kuɓewa da auduga da rama da yakuwa. Shi ya sa miyar kuka ke yauƙi kamar ta kuɓewa, gadon gida ne.

Furannin kuka da rimi ma sun nuna zumuncin. Dukkansu da dare suke buɗewa, jemagu ne kuma ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan yayin da suke shan zaƙinsa.

Inda suka rabu shi ne wajen ruwa. Kuka, wadda masana ke kira Adansonia digitata, 'yar ƙasar fari ce. Tana tara ruwa a jikinta, ta zubar da ganye lokacin rani, ta jira damina. Ana samunta daga Senegal har Sudan, zuwa kudancin Afirka. Sunan Adansonia ya fito ne daga Michel Adanson, Bafaranshen da ya gan ta a Senegal a 1749. Cikin nau'o'in kuka takwas, shida a Madagaska kawai suke, ɗaya a Ostareliya, tamu ce ta takwas. Ko Kukawa ta Borno daga wannan bishiya ta samo suna.

Rimi, wato Ceiba pentandra, ɗan daji ne mai son laima, yakan kuma haura mita 50. Abin mamakin shi ne yana tsirowa da kansa a gaɓa biyu na Tekun Atlantika, a Afirka ta Yamma da kuma Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, har Guatemala ta ɗauke shi bishiyar ƙasa. A Indonesiya noma shi ake yi don audugarsa, irin wadda muke cusa wa matashin kai.

A ƙasar Hausa rimi ya fi yawa inda mutane suke, bakin ganuwa da kasuwa. Ka tuna Zariya da rimayenta, ko Kasuwar Rimi ta Kano.